Ina tuwonmu a manyan otal?

Wani labari da na ci karo da shi na cin abinci a otal ɗin Savoy na Landan ya burge ni. Tun 1889 aka buɗe shi, har yau suna riƙe da shayinsu na la'asar. Namu na Katsina ne ke damuna. Lokacin hawan Sallah baƙi su cika gari, su ga hasumiyar Gobarau, su wuce Daura rijiyar Kusugu, da dare a ajiye musu soyayyar shinkafa da kaza kamar ko'ina. Ina tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu na narkewa a kai? Ina fura da nono a ƙwarya da ludayi? Wallahi matan da suka iya girkin nan suna cikin unguwanninmu, masu otal su ɗauke su aiki mana.