Ranar da aka ƙona bukkokin 'yan mazan jiya a Washington

Duk lokacin da na ji wata gwamnati tana kafa hujja da cewa baitulmali ya bushe, shi ya sa ba za ta biya tsofaffin sojoji haƙƙinsu ba, sai hankalina ya koma kan abin da ya faru a birnin Washington ranar 28 ga Yuli, 1932. Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne wulaƙancin da aka haɗa wa mutanen nan da shi bayan an hana su kuɗin.

A 1924 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar biyan waɗanda suka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya wani ƙarin lada, dala 1 a kan kowace ranar aiki a gida, dala 1.25 kuma ga ranar da aka yi a ƙetare. Sai dai takarda aka ba su, wadda ba za ta zama kuɗi ba sai 1945. Da tattalin arziki ya karye a 1929, masana'antu suka rufe, bankuna suka durƙushe, har ya kai kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu ba shi da aikin yi. Magidanci yana da takardar bashin da yake bin gwamnati a aljihu, amma tukunyar gidansa a kife take, kuma ana ce masa ya ƙara haƙurin shekara 13.

Wani tsohon saje mai suna Walter Waters ne ya taso da ayari daga Portland zuwa Washington a watan Mayun 1932 don neman a biya su kuɗin nan take, suna hawa taragon kaya na jirgin ƙasa. Kafin a ankara tsofaffin sojoji wajen 17,000 sun taru, wasu da matansu da 'ya'yansu. Suka kafa sansani a fadamar Anacostia, suka tsinto katako da kwalaye da tsofaffin kwanonin rufi daga juji suka yi bukkoki, suka fitar da layuka kamar a bariki, suka haramta wa kansu shan giya da bara. Baƙaƙe da farare suna cin abinci wuri ɗaya, a zamanin da ita kanta rundunar sojan ƙasar ba ta yarda ta haɗa su a bataliya ɗaya ba.

Majalisar wakilai ta amince a biya su ranar 15 ga Yuni, amma bayan kwana biyu majalisar dattawa ta ƙi, da ƙuri'a 62 a kan 18. Ina iya fahimtar fargabar Shugaba Herbert Hoover, domin kuɗin ya haura dala biliyan 2 a lokacin da haraji ba ya shigowa. Amma a cikin wannan wata na Yuni hukumar da gwamnatinsa ta kafa don ceto kamfanoni ta ba wani banki guda a Chicago rancen dala miliyan 90, bankin Charles Dawes, mutumin da bai daɗe da sauka daga shugabancin hukumar ba. Wanda ya ga haka, yaya za a yi ya yarda cewa babu ce ta hana?

Ranar da aka zo tashinsu daga wasu tsofaffin gine-ginen gwamnati, rikici ya ɓarke, 'yan sanda suka harbi William Hushka da Eric Carlson, dukansu kuma suka mutu. Nan take Hoover ya kira soja. Janar Douglas MacArthur ya fito da dakarun dawaki da tankokin yaƙi da sojoji masu banati a bakin bindiga, aka yi ta jefa barkonon tsohuwa, da dare aka ƙetara gada zuwa sansanin Anacostia, bukkokin suka kama da wuta, mata suna gudu da jarirai a hannu. Cikin jami'an dawakin akwai George Patton, kuma cikin waɗanda aka kora akwai Joe Angelo, wanda ya ja Patton ɗin zuwa mafaka lokacin da aka harbe shi a Faransa a 1918. Da Angelo ya nemi ganinsa bayan an watse, Patton ya ce a tafi da shi daga gabansa. Wannan butulci ya fi tsaya mini a zuciya fiye da tankokin.

Daga baya gwamnati ta yi ta yaɗa cewa taron cike yake da 'yan gurguzu da masu laifi, alhali mafi yawansu sojoji ne na haƙiƙa masu takardun sallama. A ganina wannan ƙazafi ya fi duka ciwo, domin mutumin da talauci ya raba da komai, sunansa da hidimar da ya yi wa ƙasa su kaɗai suka rage masa.

A watan Nuwamba Hoover ya sha mummunan kaye a zaɓe a hannun Franklin Roosevelt. Shi ma Roosevelt bai goyi bayan biyan kuɗin ba, amma da tsofaffin sojojin suka dawo a 1933 sai aka ba su masauki da abinci, matarsa Eleanor ta je har sansaninsu ta zauna da su, aka kuma yi musu tayin aiki a gandun daji. Ba a ɗaga wa kowa bindiga ba, ba a kuma kira kowa ɗan ta'adda ba. Kuɗin kuwa sai a 1936 majalisa ta tsallake ƙin amincewar Roosevelt ta biya, shekara huɗu bayan an binne Hushka da Carlson a maƙabartar sojoji ta Arlington.