Tsuntsun ne zai biya miki kuɗin haya?

Har yanzu raina bai huce ba, shi ya sa na dawo kan maganar nan. Waɗanda suka ga hoton littafin zanen tsuntsaye na ɗiyar yayata da na ɗora shekaranjiya sun san inda aka kwana. Ba zan kama sunan makarantar ba, ba kuma zan kama sunan baƙon da suka gayyato ba, amma abin da ya yi mata zalunci ne, ko da shi a ganinsa raha ya yi.

A taron makarantar aka ce kowane yaro ya tashi ya faɗi abin da yake so ya zama. Masu son likita suka sha tafi, masu son injiniya suka sha tafi. Da layi ya zo kanta, yarinya mai shekara 13 ta miƙe ta ce ita tsuntsaye take so ta karanta, ta san inda suke zuwa idan sun yi ƙaura da yadda suke gane hanya. Sai babban baƙo, mutumin da ya yi jika da ita, ya ce, "To 'yata, tsuntsun ne zai biya miki kuɗin haya?" Ɗakin taro ya kwashe da dariya, har da malamai.

Littafin nan shekara biyu tana cika shi. Kowane shafi da zanen tsuntsu, da kwanan wata, da ƙarfe nawa ta gan shi, da launin baki da na ƙafa. Akwai shafin da ta yi ta goge fiffike tana sake zanawa har takardar ta huje. A daren ranar ta zo ta miƙo mini shi ta ce, "Kawu, ka ajiye, na daina." Ko hawaye ba ta yi ba. Da kukan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Duk babban da ya tari burin yaro da tambayar "nawa ake samu?" ya cuce shi. Ko uba ne, ko malami, ko baƙon da aka bai wa kujerar gaba, ya cuce shi. A nan na tsaya, ba zan gusa ba.

Ku yi lissafin da kanku. Awa 40 a mako, mako 50 a shekara, shekara 40 na aiki, awa 80,000 ke nan. Mafi kyawun ƙarfin mutum, da kaifin idonsa, da safiyarsa, duk a nan suke tafiya. Mun ɗauki wannan tulin rayuwa mun ce yaro ya sayar da shi ga wanda ya fi tayawa, sannan mu dawo muna mamakin ma'aikacin da ke amsa wa mutane da tsaki. A rahoton kamfanin binciken ra'ayoyin jama'a na Gallup na 2023, kashi 23 cikin 100 kacal na ma'aikatan duniya ne aka samu zuciyarsu tana cikin aikin da suke yi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gajiyar rai irin wadda aiki ke jawowa cikin kundinta, ta bayyana alamominta: ƙarewar kuzari, ƙosawa da aikin, da raguwar ƙwazo. Ni na san abin nan a jikina. Na yi shekara tara a wani ofis saboda albashinsa kawai, kuma duk daren da za a wayi gari a koma aiki ƙirjina nauyi yake yi kamar an ɗora dutse. Albashin bai taɓa makara ba, nauyin ma bai taɓa makara ba.

Na san abin da wasu za su ce, don tun jiya ake aiko mini da shi: wai ni na ƙoshi ne, wai yunwa ba ta san buri ba. Na ji. Ba wanda ya ce a kwana da yunwa. Amma yarinya mai shekara 13 haya take biya? Wa ya ɗora mata ciyar da gida? Tana da shekaru a gaba da za ta koyi lissafin rayuwa, kuma rayuwa ba ta fasa koya wa kowa shi. Abin da ba ya dawowa idan ya tafi shi ne wannan zumuɗin da ke tayar da yaro da asuba ba tare da an tashe shi ba.

Kuma zumuɗin nan saurin mutuwa gare shi. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa biyu sun yi wani gwaji a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford a Amurka. Sun zaɓi yaran da dama can suna son zane. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, wasu aka bar su suka zana haka nan. Bayan kwanaki da aka sake ajiye musu kayan zane ba tare da alkawarin komai ba, waɗanda aka yi wa alkawarin lada su ne suka rage zanen. Takardar yabo kawai ta isa ta mayar da abin so ya zama aikin lada. To ina ga dariyar ɗakin taro guda?

Ku dubi Katalin Karikó. 'Yar mahauci ce daga Hungary. A 1985 ita da mijinta suka sayar da motarsu, suka ɗinke kuɗin a cikin 'yar tsanar ɗiyarsu mai shekara biyu, suka tafi Amurka don ta ci gaba da bincikenta. A can ta duƙufa kan mRNA, wato saƙon da ke gaya wa ƙwayoyin jiki abin da za su ƙera, abin da a lokacin masu ba da tallafi ba sa ganin zai haifar da ɗa mai ido. Ta nemi tallafi an hana ta, ta sake nema an sake hana ta. A 1995 Jami'ar Pennsylvania ta rage mata matsayi. Mai lissafin riba da tuni ya tattara ya koma inda ake samu. Ta zauna. A 2005 ita da Drew Weissman suka wallafa hanyar gyara mRNA yadda jiki ba zai yaƙe shi da kumburi ba, kuma a kan wannan aka gina rigakafin korona na Pfizer da BioNTech da na Moderna. A 2023 aka ba su kyautar Nobel. Shekaru nawa ta yi ana yi mata irin tambayar da aka yi wa yarinyar nan?

Za a ce ai ita ɗaya ce cikin dubu. To sai me? Sauran ɗari tara da casa'in da taran ba su sami Nobel ba, amma sun yi awa 80,000 ɗinsu a kan abin da ransu ke so, kuma ni ban ga asara a nan ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Jane Goodall tana ƙaramar yarinya ta taɓa ɓuya a akurki na sa'o'i don ta ga yadda kaza ke yin ƙwai, gida ya tashi ana nemanta. Da ta fito, uwarta ba ta rufe ta da faɗa ba, zama ta yi ta saurari labarin. Wannan yarinyar ce ta isa dajin Gombe na Tanzaniya a 1960, ba ta da digiri, ta ga birai suna zura tsinke a suri suna zaro gara, ta canza abin da masana ke faɗa a kan dabbobi da amfani da kayan aiki. Uwar ce ta raka ta dajin a watannin farko. Irin wannan babban nake so yaranmu su samu a gabansu.

Shi kuwa baƙon namu, da ya tambaya da niyyar sani, da an ba shi amsa. A 1960 wani jirgin sama ya faɗi a Boston jim kaɗan bayan tashinsa saboda garken tsuntsaye ya shiga injinansa, mutum 62 suka rasu. Wata mata a cibiyar Smithsonian, Roxie Laybourne, ita ta ƙware wajen gane irin tsuntsu daga guntun gashin da aka tsinto a inji, kuma aikinta ya taimaki masu ƙera injin jirgi da masu kula da filayen sauka. Ga murar tsuntsaye, ga jan-baki da ke cinye gonaki, duk masu ilimin tsuntsaye ake nema. Amma wallahi ko wannan hujjar ba na jin daɗin kawo ta, don ta sake mayar da mu kan ma'aunin da nake ƙi. Ko da ba a ɗaukar kowa aiki a fannin, yarinyar tana da haƙƙin ta so abin da take so ba a yi mata dariya ba. Wanda ya tare ta da "nawa ake samu?" ya cuce ta.

Littafin yana nan a kan teburina, ban mayar mata ba, ban kuma matsa mata ba. Jiya da yamma dai na ba ta labarin wani tsuntsu dangin shamuwa da aka harbo a arewacin Jamus a 1822, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyansa, ya taso da shi tun daga can. A lokacin akwai Turawan da suka yarda cewa wasu tsuntsaye cikin taɓo suke shigewa su yi barci idan sanyi ya zo, sai ga shaida ta sauko musu daga sama. Har yau gawarsa tana ajiye a Jami'ar Rostock. Ta yi shiru, can ta ce, "Kawu, ya aka yi ya iya tashi da mashin?" Na ce mu bincika tare.

Don Allah wanda ya san irin madubin hangen nesa da ya dace da hannun yarinya, mara nauyi, wanda ba ya saurin fashewa idan ya faɗi, ya yi mini magana ta akwatin saƙo.