Ɗan majalisar da ke neman alfarma wajen minista, da wane baki zai tuhume shi?

Har yau idan na tuna zaman nan na ranar 20 ga Yulin 2020 sai in ji abu ya tokare min ƙirji. Kwamitin Majalisar Wakilai ne ke binciken kuɗaɗen hukumar raya yankin Neja Delta, wato NDDC, ana haskawa kai tsaye a talabijin, ana cikin yi wa muƙaddashin shugaban hukumar Farfesa Pondei tambayoyi sai ya sulale ya kife a kan tebur, aka rufu a kansa ana fifita har aka fita da shi. Da aka dawo sai aka kira ministan yankin na lokacin, Godswill Akpabio, tambaya na yin zafi sai ya juyo ya ce musu ai yawancin kwangilolin hukumar ku 'yan majalisa ake ba wa. Nan take wanda ke jagorantar zaman ya hau lallashinsa, ya isa haka mai girma minista, kashe abin maganar. Mutane sun mai da abin na raha, aka yi ta yawo da bidiyon a WhatsApp, amma ni wallahi ban ga abin dariya ba, domin a daidai lokacin da ya kamata a ce masa faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, a lokacin aka ce ya yi shiru. Daga baya kakakin majalisar, Femi Gbajabiamila, ya ba shi awa 48 ya fito da sunaye, aka yi ta musayar wasiƙu, maganar ta bi ruwa. A 2023 Akpabio ya zama shugaban Majalisar Dattawa, wato shi ne ma ya jagoranci tantance sabbin ministoci.

Kada wani ya ce majalisa ba ta da iko. Tana da shi, a rubuce ma kuwa. Sashe na 147 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba a naɗa minista sai Majalisar Dattawa ta amince. Sashe na 67 ya ce idan aka gayyaci minista ya zo ya yi bayanin yadda ma'aikatarsa ke tafiya, dole ya zo. Sashe na 88 ya ba kowace majalisa ikon bincike don tona cin hanci da rashin iya aiki da almubazzaranci, na 89 kuma har sammacin kamo wanda ya ƙi amsa gayyata ya ba su. Ga kuma babbar sanda, kasafin kuɗi, ba ma'aikatar da za ta kashe kwabo ba tare da sun amince ba. To wanda aka ba wannan duka, me kuma yake nema?

Matsalar tun daga bakin ƙofa take farawa. Shugaban ƙasa zai aiko da sunaye ba tare da ya faɗi wace ma'aikata zai ba kowa ba, haka Buhari ya yi a 2015, shekarar da ya bar ƙasa kusan wata shida ba ministoci, haka ya sake a 2019, haka Tinubu ma ya yi a 2023. Sai ka ga sanata ya rasa abin tambaya, likita ne a gabansa yana masa tambayar asibiti alhali ƙila ma'aikatar ma'adinai za a kai shi, lauya kuma a tambaye shi shari'a gobe ka ji an ba shi sufurin jiragen sama. Ko ɗan aiki za ka ɗauka a shago ai sai ka san kanta zai tsare ko lissafi zai riƙe kafin ka san me za ka gwada shi a kai. Sannan ga al'adar nan ta rusuna ka wuce, wanda ya taɓa zama sanata ko ɗan majalisar wakilai ba a ma tambayarsa, ya karanta tarihinsa, sanatocin jiharsa su miƙe su yabe shi, shi kenan ya rusuna ya tafi, har abin ya zo ya shafi waɗanda ba su taɓa shiga zauren ba. A watan Agustan 2023 mutum 48 aka kawo, aka amince da 45. Ukun da aka dakatar, ciki har da Malam Nasiru El-Rufa'i, an ce rahoton jami'an tsaro ake jira, ka ga kenan ko su ba tambayar sanatoci ce ta tsayar da su ba.

Ku duba ministocin da suka faɗi a 'yan shekarun nan mu gani wa ya kayar da su. Kemi Adeosun ta wuce tantancewar Majalisar Dattawa lafiya lau a 2015, ta riƙe ma'aikatar kuɗi kusan shekara uku, sai jaridar Premium Times ce ta bankaɗo cewa takardarta ta yafewar hidimar ƙasa jabu ce, ta ajiye aiki a Satumban 2018. Betta Edu ta ma'aikatar jin ƙai, takarda ce ta fita a soshiyal midiya inda ta nemi a zuba naira miliyan 585 a asusun wata mata, jama'a suka yi caa, shugaban ƙasa ya dakatar da ita a Janairun 2024. Uche Nnaji na ma'aikatar kimiyya da ƙere-ƙere, shi ma jaridar nan ce ta bi diddigin takardun digirinsa da na hidimar ƙasa har ya sauka a Oktoban 2025, duk da dai ya ce saukarsa ba amsa laifi ba ce. Takardun Adeosun da na Nnaji fa suna cikin fayil ɗin da aka raba wa sanata 109, kowanne da ma'aikatansa da ake biya albashi, amma ɗan jarida mai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba shi ya rubuta wa jami'a wasiƙa ya tambaya. Wannan abin kunya ne ga majalisa, kuma ban ji wani sanata ya fito ya ce mun yi sakaci ba.

Me ya sa haka? Ni a ganina ba jahilci ba ne, akwai masu ilimi sosai a majalisar nan. Abin da ke faruwa shi ne bakin da ya ci shi ke godiya. Ɗan majalisa yana buƙatar minista fiye da yadda minista ke buƙatarsa. Aikin mazaɓa da ya cusa a kasafi, rijiyar burtsatse ce ko fitilun sola ko kekunan ɗinki, a ƙarƙashin wata ma'aikata ko hukuma aka ajiye shi, sai sun saki kuɗi sannan a yi. Gurbin aiki na 'ya'yan mazaɓa, wajensu zai je. Ziyarar sa ido da kwamiti ke kaiwa, sau da yawa hukumar da za a duba ita ke ɗaukar nauyin mota da masauki. To mutumin da ka je ofishinsa ranar Litinin da takardun yara goma a hannu kana neman alfarma, ta yaya ranar Laraba za ka tsare shi da ido ka ce ina kuɗin kaza suka shiga? Rigimar da aka yi da Festus Keyamo, ƙaramin ministan ƙwadago na lokacin, a ƙarshen Yunin 2020 ta nuna wannan a fili, kan shirin ɗaukar mutum 774,000 aiki, dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu ya ce a fitar da 'yan jarida a yi magana a sirri, shi ya ce a'a sai dai a gaban kyamara, aka yi ta ɗaga murya. Ba ina cewa Keyamo waliyyi ba ne, amma asalin faɗan a kan wa zai zaɓi masu cin gajiyar shirin ne, ba a kan ko shirin zai amfani talaka ba.

Kuma abin ya daɗe. A 2005 Obasanjo ya kori ministan ilimi Fabian Osuji bisa zargin ba 'yan majalisa naira miliyan 55 don su ƙara wa ma'aikatarsa kasafi, zargin da ya ci kujerar shugaban Majalisar Dattawa na lokacin, Adolphus Wabara. Wanda ya fi min ciwo shi ne na Faruk Lawan, ɗan Majalisar Wakilai daga Kano a lokacin. Wanda bai ga yadda muka ɗauki mutumin nan a farkon 2012 ba, ba zai gane ba. Bayan zanga-zangar cire tallafin mai, kwamitinsa mai binciken kuɗin tallafin ya zauna a bainar jama'a, ministar mai da manyan NNPC da dillalai suna zuwa suna zufa, a shagon mai shayi ma zaman ake kallo, mu 'yan arewa muna alfahari da shi. Sai ga maganar cin hancin dala 500,000 daga hannun ɗan kasuwar mai Femi Otedola, kotu ta sami Faruk da laifi a 2021, har Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗaurin shekara biyar a 2024. Rahoton kwamitin nasa akwai gaskiya mai yawa a cikinsa amma daga ranar ya mutu, kuma tun daga nan duk binciken da majalisa ta ɗauko, abin da mutane ke fara tambaya shi ne nawa suke nema.

Sai dai mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wata sallah na raka wani ɗan'uwa gidan ɗan majalisarmu, tun daga bakin get mutane ne maƙil, wasu a kan tabarma wasu a tsaye jikin motoci, kusan kowa da ambulan mai ruwan ƙasa a hammata. Na zauna fiye da awa uku ina sauraro, wannan kuɗin asibiti, wancan ɗansa ya gama digiri shekara huɗu ba aiki, wata dattijuwa rufin ɗakinta ne iska ta yaye. Duk buƙatu ne na gaskiya, ban raina ko ɗaya ba, ni kaina ɗan'uwan nawa aiki ya je nema. Amma ba mutum ɗaya da ya ce ranka ya daɗe, hanyar nan tamu da ake sa wa kuɗi a kasafi duk shekara, ka taɓa tambayar minista inda aka kwana? Mu muke tura su roƙo, in ya dawo da gurbi biyar mu ce gwarzo ne, wanda ya tsaya yana tambaya kuma mu ce ba ya kawo komai sai surutu.

Wasu za su ce ai tsarinmu na shugaban ƙasa mai cikakken iko ne irin na Amurka, majalisa ba ta iya korar minista, iyakarta ta ba da shawara. Haka ne. A Ingila minista ɗan majalisa ne, kowace ma'aikata da ranarta ta amsa tambayoyi, firaminista kansa duk Laraba da tsakar rana sai ya tsaya. A Afrilun 2018 ministar cikin gida Amber Rudd ta gaya wa kwamiti cewa ma'aikatarta ba ta da wani adadi da ta ƙayyade na baƙin da za a kora, takardu suka nuna akwai, ba a yi mako ba ta sauka. Maƙwabtanmu na Nijar ma, kafin sojoji su rushe majalisa a 2023, sun san wannan, a ranar 31 ga Mayun 2007 'yan majalisa 62 cikin 113 suka kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna ga gwamnatin firaminista marigayi Hama Amadou kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare, alhali ɓangarensa ne ke da rinjaye, kuma gwamnatin ta faɗi. Mu ba mu da wannan makamin, na yarda. Amma Kenya ma tsarin shugaban ƙasa take bi, ministocinta ba 'yan majalisa ba ne, duk da haka a 2023 suka gyara dokokin zaman majalisarsu, ministoci suka fara shigowa zaure ranar Laraba suna amsa tambayoyi a gaban kowa. Mu da sashe na 67 ya riga ya buɗe mana ƙofa, ko gyaran tsarin mulki ba ma buƙata.

Abin da nake so in gani ba mai wuya ba ne. A ware rana ɗaya a mako, a fitar da jadawali tun farkon zango, minista ya san ranar kaza shi ne a gaban zaure da kansa, ba babban sakatare ko wani darakta ba, a haska a talabijin a kuma fassara a rediyo, mai noma a Gwarzo ya ji ɗan majalisarsa yana tambayar taki da kunnensa. Wannan shiga ɗaki a rufe ƙofa da ake yi da an zo wajen maganar kuɗi, a bar shi sai ga sirrin tsaro na gaske. Sanatoci kuma su daina karɓar jerin sunayen da ba a haɗa da ma'aikata ba, sun sha kokawa a kan haka, to su mayar da takardar sau ɗaya mana su gani, tunda a 2023 an iya gyara tsarin mulki aka tilasta wa shugaba kawo sunaye cikin kwana 60, wannan ma mai yiwuwa ne. Kuma kuɗin ziyarar sa ido ya fito daga kasafin majalisa, wanda kowa ya san ba kaɗan ba ne.

Na san masu cin moriyar yadda abin yake yanzu su ne ake roƙo su canza shi, shi ya sa ban sa rai za su yi don Allah ba sai an matsa. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya yana nan, sashe na 85 ya ce majalisa ake kai wa, shafi bayan shafi na kuɗin da aka fitar ba takarda da kwangilar da aka biya ba a yi ba, ma'aikata da sunanta. Ni dai na yi niyya, duk ranar da ɗan majalisarmu ya sake zuwa neman ƙuri'a, zan buga shafin da ya shafi kwamitin da yake ciki in riƙe a hannu, in tambaye shi a gaban mutane wace rana ya kira ministan a kan wannan, kuma me ministan ya ce masa.