Kuɗin jirgin Indiya da na'urar awon jini

Assalamu alaikum. Rubutun nan yana da tsawo, ku yi haƙuri da ni. Yau kwana arba'in da muka kai Kawuna makwancinsa, kuma akwai maganar da take cina tun ranar, wadda na kasa faɗa a zaman makoki.

Kawu ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sayarwa a babbar kasuwar Katsina. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, wanda ba ka zuwa rumfarsa ka tashi ba a aiko maka da balangu da lemon kwalba ba. Shekara tara da suka wuce ciwon kai ya matsa masa, ya je asibiti, aka auna aka ce jininsa ya hau, aka rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum da safe. Ya sha wata biyu, kai ya daina ciwo, ya ajiye. In na ce, "Kawu, kuna dai shan maganin nan?" sai ya ce, "Kai yaro, ni da nake tashi da malmala uku, ina ni ina ƙwaya kullum?" Mu kuma muka bar shi, don ba a ja da babba. Wannan shirun namu shi ne abin da ya fi damuna yau.

Bara da damina ƙafafunsa suka fara kumbura. Takalmi ya daina shiga, ya koma silifas. Daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa, tafiyar da ba ta kai minti uku ba, sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango yana haki. Da dare ba ya iya kwanciya a miƙe, sai an tara masa matashin kai uku, daga baya ma a kan kujera yake kwana. Da aka yi hoton zuciya, likita ya ce ta buɗe, ta yi girma, ba ta da ƙarfin harba jini, shi ya sa ruwa yake taruwa a huhu da ƙafa.

Nan take dangi suka tashi tsaye, kuma Allah ya saka wa kowa. Aka buɗe zaure a WhatsApp. Cikin mako biyu aka tara miliyoyi. Wata 'yar'uwarmu ta sayar da sarƙarta ta gwal, babban ɗansa ya sa filinsa na hanyar Jibiya a kasuwa. Bakin kowa ɗaya: a fita da shi Indiya ko Masar a yi masa aiki. Aka tura takardu can, amsa ta dawo cewa babu abin da wuƙa za ta gyara. Ba wata jijiya ce ta toshe da za a buɗe ba, naman zuciyar ne gaba ɗaya ya gaji, bayan shekara da shekaru yana tura jini da ƙyar. Likitanmu na nan gida ya faɗi haka tun ranar farko, amma ba mu yarda ba sai da muka ji daga waje. Ba na manta abin da ya ce mini a bakin ƙofar ɗakin: "Malam, da kun zo da rabin wannan himmar shekara tara baya, da kuɗin katin waya ya ishe ku."

To abin da nake son faɗa ke nan. Mu mutane ne masu zumunci a lokacin da abu ya ɓaci. Mun iya karo-karo, mun iya neman biza, mun iya rakiya filin jirgi. Amma a duk gidajenmu na dangi, da masu mota da masu shago, babu gida ɗaya da aka ajiye na'urar awon jini, abin da kuɗinsa bai kai na turmin shadda mai kyau ba. Muna ganin aikin tiyata shi ne magani na gaske, na manya, wanda ake tara wa kuɗi. Rage gishiri da tafiya a ƙasa da haɗiyar ƙwaya kullum kuwa mun mayar da su surutun likita.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ban raina aikin zuciya ba, ni'ima ce babba. A 1967 Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a Afirka ta Kudu. A nan Najeriya an fara buɗe ƙirji a yi aikin zuciya a asibitin koyarwa na Inugu tun 1974. Yaron da aka haifa da huda a zuciya, babu zogalen da zai toshe ta, sai aiki. Wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe farat ɗaya, ƙirji ya riƙe shi kamar an ɗora masa dutse, zufa tana karyo masa, wannan a ruga da shi asibiti a cikin sa'ar nan, buɗe jijiyar da wuri shi ne bambancin rai da mutuwa. A unguwarmu akwai yarinyar da aka sauya wa ƙyauren zuciya, wato murfin da ke hana jini komawa baya, yanzu haka tana makaranta, mun gode Allah.

Amma ita ma yarinyar, ku ji inda abin ya samo asali. Ciwon maƙogwaro ne tana ƙarama, irin wanda ake cewa zai wuce, ko a kira wanzami ya cire beli. Akwai ƙwayar cutar da in ta kama maƙogwaron yaro ba a kashe ta da penisilin ba, garkuwar jiki takan juya ta riƙa cin ƙyauren zuciya a hankali, sai bayan shekaru abin ya bayyana. Maganin kwana goma ya koma aikin miliyoyi. Kuma bayan aikin ba a gama ba: tunda ƙyauren ƙarfe aka sa mata, za ta sha maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwarta, ana gwada jininta a kai a kai, kuma ranar da ta yi aure ta samu ciki sai an yi taka-tsantsan na musamman. Wannan ɓangaren ba a faɗa mana shi lokacin da ake yawo da takardar neman taimako.

Ko a ƙasashen da aikin yake a bakin ƙofa, su kansu sun gano iyakarsa. Tun 1977 aka fara zura siririn bututu ta jijiya a buɗe inda kitse ya toshe jijiyar zuciya, aka yi wa miliyoyin mutane. Sai a 2007 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna COURAGE, a kan mutum sama da 2,000 a Amurka da Kanada, masu toshewar jijiya amma ba a halin gaggawa ba. Rabi aka buɗe musu jijiya aka haɗa da magani, rabi aka bar su a kan magani da gyaran ci da sha kawai. Bayan shekaru aka duba, yawan waɗanda suka mutu ko zuciya ta buga musu kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Dalilin a fili yake: an gyara wuri ɗaya, amma abin da ya jawo toshewar yana nan yana aiki a sauran jijiyoyin jiki.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na wani yanki a Finlan da ake kira Karelia ta Arewa. Manoma ne da masu saran itace, masu son man shanu da gishiri da taba, kuma mazansu suna faɗuwa da ciwon zuciya tun suna da ƙarfinsu. A 1972 aka tura wani matashin likita, Pekka Puska. Ba da ɗakin tiyata ya fara ba. Ƙungiyoyin matan gida ya bi, da masu shaguna, da masu yin burodi da tsiran nama, aka rage gishiri, aka sauya mai, aka yaƙi taba, aka riƙa auna jinin jama'a. Cikin shekara arba'in mutuwar maza masu shekarun aiki ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Daga madafi aka ci wannan yaƙin.

Mu namu ma ya fi nasu sauƙin ganewa, domin babban abin da ke lalata zuciya a ƙasar nan hawan jini ne, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku na manyanmu yana da shi, da yawa ba su sani ba. Galibi ba ya ciwo, shi ne sharrinsa. Awo ne kaɗai ke nuna shi, kuma in ana ta samun 140 bisa 90 ko sama, to an shiga layin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da mutum zai ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Yanzu ku leƙa tukunyar gidanku: gishiri, dunƙule huɗu ko biyar, garin ɗanɗano, ga kanwa a wake da ɗanwake, sannan a kawo yaji mai gishiri a barbaɗa. Duk abu ɗaya ne ke cikinsu yana ɗaga jini. Ban ga laifin matanmu ba, don mu ne muke ture kwano mu ce miya ta yi lami. Kuma na san talaka dunƙule ne namansa. Amma daddawa tana nan, ita iyayenmu suka sani, kuma harshe yana sabawa cikin 'yan makonni.

Sai maganar masu jego, wadda na san za ta sosa wa iyayenmu mata rai. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa a ƙasar Hausa. Mace ta haihu, jikinta cike da ruwa, sai a bi ta da kunun kanwa kofi-kofi na kwana arba'in. Don Allah Inna, don Allah Gwaggo, in mai jego ta fara kumburi ko haki ko tarin dare, a ajiye kanwar a kai ta asibiti. Ba sanyi ba ne.

Tafiya a ƙasa kuma ta zama abin kunya. Kakanninmu daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga a ƙasa suke zuwa, ko a kan keke. Yau mutum zai hau babur ya je sayen kati a bakin layi, in kuma aka ga mai rufin asiri yana tafiya sai a tsaya a ce, "Alhaji lafiya? Ina motar?" Abin da ake nema minti 150 ne a mako, rabin sa'a sau biyar. Bayan Asuba gari da sanyi, hanya babu kowa. Matasanmu kuma da suka rungumi shisha suna cewa ba taba ba ce, taba ce, hayaƙinta jijiya ɗaya yake ci. Haka masu haɗiyar maganin ciwon jiki kullum daga kemis bayan an tashi aiki, yawancinsa yana ɗaga jini yana taɓa ƙoda.

Wani zai ce ai kwana ne, in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, kuma Kawu bai rage sa'a ɗaya daga abin da aka rubuta masa ba. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuma mu da muka sayar da fili da gwal don neman magani a Indiya, ai ba mu ce kwana ne muka zauna ba. In neman magani a ƙarshe bai saɓa wa tawakkali ba, to na farko ma bai saɓa ba.

Da aka tashi mayar wa mutane kuɗinsu, wasu suka ce a bar nasu sadaka ga mamacin. Muka yi shawara da 'ya'yansa, muka sayi na'urar awon jini guda uku. Ɗaya tana gidan Kawu wurin iyalinsa, ɗaya tana layinsu a kasuwa, ɗaya muka kai masallacin unguwa, wani ma'aikacin jinya cikinmu yana zama da ita ranar Asabar bayan Asuba. Asabar ta farko mutum goma sha bakwai suka miƙa hannu, shida aka ce su je asibiti a sake dubawa. Ɗaya daga cikinsu aminin Kawu ne, wanda suka yi shekara talatin suna cin abinci a kwano ɗaya. Jiya na bi ta rumfarsa na ce, "Baba, kun sha na yau?" Ya laluba aljihu ya fito da katin maganin ya nuna mini, saura ƙwaya huɗu. Na ce masa ranar Litinin zan zo mu je a sayo wani.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ciwon ya zama kaffara.