Ba rowa kaɗai ke sa a saci fim ba

Ana yawan cewa masu sauke fim ta ɓarauniyar hanya ba sa son biyan kuɗi ne kawai. Akwai irinsu, amma da yawa suna biya.

A Amurka, da can kuɗin wata ɗaya na Netflix, manhajar kallon finafinai ta intanet, ya wadatar da mai kallo. Sai Disney ta janye finafinanta daga Netflix ta buɗe tata manhajar Disney+ a Nuwamba 2019, HBO Max da Peacock suka biyo baya a 2020, kowa ya ja zaren nasa. Yanzu mutum na biyan manhaja uku, ya rubuta sunan fim, ya tarar yana can a ta huɗu. Wani lokacin ma, da kuɗinka a hannu, a ce ba a nuna shi a ƙasarku. Shafin sata kuwa komai na wuri guda.