Zafin Kaduna da Yaranmu 'Yan Ƙwallo

An kawo wani rahoto na binciken masana da ya taɓo batun zafi da 'yan wasa, Allah ya saka wa waɗanda suka kawo shi da alheri. Ɓangaren lissafi da na sinadarai na bar wa masu shi, amma batun zafi da 'yan wasa ya shafe mu kai tsaye.

Masana sun daɗe suna cewa idan ɗan wasa ya rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ta hanyar gumi, juriyarsa ta fara raguwa. Yaro mai kilo 60, kilo ɗaya da 'yan kai ke nan. A watan Maris da Afrilu, ku leƙa Murtala Square da la'asar, za ku ga yara rigunansu sharkaf, gishiri ya yi fari a wuyan riga, leda ɗaya ta ruwa mutum uku na rabawa. Wani kocin ma har yanzu gani yake shan ruwa ragwanci ne. Wallahi abin yana damuna.

A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, wasan Holand da Meziko a Fortaleza, alƙalin wasa tsayar da ƙwallo ya yi aka sha ruwa saboda zafi. Manyan ƙwararru ke nan, balle namu. Kuma gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishirin jiki.

Don Allah malaman Jami'ar Ahmadu Bello, ku sauko filayen unguwa da ma'auni, ku auna yaran kafin wasa da bayansa, kocinsu ya gani da idonsa.