Motata Mai Guɗa

A ƙarshen damina motata ta fara guɗa. Wani siririn kuka ne daga baya, ƙiiii, yana tashi da zarar taya ta fara juyawa, in na taka birki kuma ya ƙara kaifi. Duk layin da na ratsa a Gwammaja sai yara su fito da gudu su ga ko amarya aka kawo.

A Kano, in motarka ta yi ƙara, ba ka rasa likita. Mai shayin bakin layinmu ya ce boris ne, har da rantsuwa. Maƙwabcina, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba, ya zagaya motar hannu a baya ya ce giyar baya ce ta ci, alhali motar da ƙafafun gaba take ja. Uwargida ce ta kawo maganin da ya fi araha: "Malam, ka ƙara muryar rediyo mana." Na ƙara, kuma wallahi ya yi aiki. Abin da rediyo ya kasa rufewa shi ne allurar mai. Tun da aka cire tallafi a 2023 kowane mai mota a garin nan ya fi kallon allurar nan a kan kallon titi, tawa kuwa sai sauka take ba gaira ba dalili, motar kuma ta yi nauyi, sai na danna totur sosai take yarda ta tafi.

Ana cikin haka Baba, mahaifin uwargida, ya aiko cewa in kai shi ɗaurin aure Hotoro. To, gaban suruki ba a ƙure rediyo. Ya zauna a gaba yana jan carbi, ni na riƙe sitiyari da hannu biyu, motar kuma ta samu fili. Tun daga Ƙofar Mazugal take rera abinta. Baba bai ce uffan ba sai da muka hau gadar Ƙofar Nasarawa, sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Motar nan taka akwai magana a bakinta." Na ce, "Haka ne Baba, ai ana shirin kai ta." Daga nan wani ƙauri ya fara shigowa ta taga. Sai ga wani mai adaidaita ya zo daidai mu yana ɗaga hannu: "Alhaji, ƙafarka tana hayaƙi!" Baba ya yi maza ya ɗage babbar riga ya duba tasa ƙafar.

Na gangara gefe. Kafin in fito an taru. Ƙafar baya ta dama ko kusantarta ba a iyawa don huci, ta hagu kuwa lafiya lau. Wani yaro ya fasa ledar fiya wata zai watsa, wani dattijon direba ya riƙe masa hannu, ya ce ƙarfen da ya ɗau zafi haka in aka sheƙa masa ruwan sanyi yana iya lanƙwashewa ko ya tsage, a bar shi ya huce da kansa. Baba dai ya ce Allah ya sawwaƙe, ya shige adaidaitar mutumin da ya ba mu labari. Ko waiwaye.

Da ta huce na lallaɓa a hankali har garejin bakanikena a wajen Ƙofar Ruwa. Na fara jero masa fatawoyin da aka ba ni, shi kuma yana shan rake, ko ɗaya bai saurara ba. Ya ce in sauke hambirki. Yaransa suka kafa jak suka ɗaga baya. Ya tura tayar hagu da hannu ɗaya, ta yi ta juyawa abinta. Ya tura ta dama, ta ce ba da ni ba. Binciken ke nan gaba ɗaya, bai kai tsawon gaɓar rake ɗaya ba.

"Yallaɓai, da birki a kame kake yawo," in ji shi. Ya ce yawancin aikin tsayar da mota birkin gaba ne ke yi, don haka duk ranar da ƙafar baya ta fi ta gaba zafi, musamman gefe guda, to wani abu ne ya ƙi saki.

Cire durom ɗin, wato kwanon ƙarfen da birkin baya ke ciki, sai da aka sassauta abin saiti aka haɗa da guduma. Cikinsa ya yi shuɗi-shuɗi saboda wuta, ga zane-zane. Shu ɗin da ke buɗewa ya dafe kwanon ya cinye har ƙarfe, ƙarfe na cin ƙarfe, guɗar ke nan. Oga ya zare kebur ɗin hambirki daga maƙalinsa, nan take sifirin ya ja shu ya koma mazauninsa. Ashe robar da ta lulluɓe kebur ɗin ce ta yage, ruwan Agusta da muka riƙa kutsawa a tituna ya shiga, tsatsa ta kama wayar. In na ja hambirki sai ta kama, in na sauke sai ta saki gefen hagu ta riƙe na dama.

Zafin kuma bai tsaya nan ba. Ya narkar da giris ɗin boris, ya busar da robobin ƙaramar silindar da ke tura shu har ta fara tsatsafo. Wato mai shayi ya ɗan taɓo gaskiya, sai dai boris ɗin zaluntarsa aka yi. Har yau ban gaya masa ba, don in ya ji, kuɗin shayi ma sai ya ƙaru. Abin da ya sanyaya min jiki shi ne batun man birki. Irin wanda ake rubuta wa DOT 3, sabonsa sai ya haura digiri 205 yake tafasa, amma yana zuƙar danshi, in ya tsufa yana iya tafasa a wajen 140. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututu, ka taka birki ya tafi ƙasa salin alin. Na tuna gangaren gadar nan da Baba a gefena, na yi shiru.

Muka shiga kasuwa sayen kaya. A Ƙofar Ruwa kowane abu orijinal ne, sai dai akwai orijinal na ɗaya, akwai na biyu, akwai kuma ɗan Beljiyam da mai shago ya ce wata tsohuwa ce ta yi amfani da shi, ita ma coci kawai take zuwa. Oga ya ce shu da robobin silinda sababbi za a saya, kuma shu na ƙafa biyu. Na ce ta hagu me ta yi? Ya ce in aka sa wa gefe ɗaya sabo aka bar ɗaya da tsoho, kamun ba zai zo daidai ba, ranar da na taka birki da ƙarfi motar za ta fizge gefe. Na biya ina ƙunƙuni, har da kebur, boris, giris da durom ɗan Beljiyam.

Sai aka zo fitar da iska daga bututun mai. Aka zaunar da ni a kujerar direba, wani yaron gareji da bai wuce sa'an ɗana na fari ba ya kwanta a ƙarƙashi da sifana yana ba ni oda. "Taka! Taka! Riƙe! Na ce ka riƙe, Alhaji! Saki!" Ni da a ofis ake miƙe min tsaye. Haka na yi ta bi har ƙafata ta sage, mai ya fito garau ba kumfa. Oga ya saita hambirki, muka zaga da motar muka dawo, ya kara bayan hannunsa kusa da kowace ƙafa. Ɗumi kawai, kuma iri ɗaya.

Washegari da hantsi aka yi sallama. Gwaggon uwargida ce daga Fagge, da ledar lemo da ayaba, ta zo dubiya. A wajen ɗaurin aure Baba ya faɗa wa mutum ɗaya cewa ƙafar surukinsa ta kama da wuta a kan gada, kafin la'asar labari ya gama dangi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ga ina ɗingishi saboda takun birkin jiya, ta ce, "Sannu ɗan nan, ai ma da sauƙi." Na ce da sauƙi Gwaggo, na karɓi ledar.